KARE MAI ILMI DA FARAUTAR TSUNTSUN FESANT

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore mana dabbobi, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

A wannan mako za mu ɗan dakata da zancen rabon gado da muka faro, saboda wata takarda da ta iso mana daga wani ɗan'uwa da ke aiki a jihar Dakota ta Kudu, cikin ƙasar Amurka. Ya ce a can idan kaka ta yi, maƙwabtansa su kan fita gonaki da bindigogi da karnuka su harbo wani tsuntsu da ake kira fesant, har sun yi masa tayin ɗan kwikwiyo. Tambayoyinsa uku ne. Shin ya halatta Musulmi ya ajiye irin wannan kare? In ya halatta, yaya ake gane na kirki, yaya kuma ake horar da shi? Sa'an nan naman da kare ya ɗauko a bakinsa, ya ciwu ko bai ciwu ba? Tambayar ta cancanci amsa mai tsawo, domin tsakanin halal da mushe a wannan babi tazarar ba ta wuce kalma ɗaya da daƙiƙa ɗaya ba.

TSUNTSUN DA WURINSA

Fesant, wanda Larabawa ke kira tadruj, dangin kaza ne da makwarwa. Asalinsa daga nahiyar Asiya ne, tun daga duwatsun Kaukasus har ƙasar Sin. Namijin yana da jan fuska, da kai kore mai sheƙi, da doguwar wutsiya, da yawansu kuma suna da farin zobe a wuya. Nauyinsa ya kan ɗara kilo 1 kaɗan. Macen kuwa launin ƙasa gare ta, ba ta da ado. A shekarar 1881 wani ƙaramin jakadan Amurka a birnin Shanghai, mai suna Owen Denny, ya fara aika shi zuwa jihar Oregon, daga baya ya bazu cikin ƙasar, har Dakota ta Kudu ta ɗauke shi tambarin jiharta a 1943. A can ana buɗe farautarsa ran Asabar ta uku ga watan Oktoba, kuma maza kaɗai aka yarda a harba, guda 3 a yini. A Ingila lokacinsa daga 1 ga Oktoba ne zuwa 1 ga Fabrairu, dokar 1831 kuma ta hana harbinsa ran Lahadi.

Halinsa shi ya sa ba a iya farautarsa sosai sai da kare. Ya fi son gudu da ƙafa cikin ciyawa a kan tashi sama. Mutum zai wuce shi da taku biyu bai gan shi ba. Idan kuma an harbe shi a fiffike ya faɗo, sai ya zura cikin duhuwa ya ɓace, ya je ya mutu a banza. Hancin kare, wanda masana suka ce yana da ƙwayoyin shinshina fiye da miliyan 200 alhali na ɗan Adam bai wuce miliyan 6 ba, shi ne maganin wannan hasara.

HUKUNCIN AJIYE SHI

Ya tabbata cikin Buhari da Muslim cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ladan aikinsa yana raguwa kowace rana. To, karen farauta yana cikin waɗanda aka keɓe. Aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida kuwa ta halatta mana abin da dabbobin farauta da muka koyar suka kama mana, da sharaɗin ambaton sunan Allah. Malamai sun lura da wani abu mai daɗi a nan, watau Shari'a ta bambanta kamun kare mai ilmi da kamun kare jahili, ta halatta na farko ta hana na biyu. Ashe darajar ilmi ta kai har ga kare.

Musulmin farko ba baƙi ba ne a wannan sana'a. Jahiz ya yi dogon bayani a kan karnuka cikin Kitabul Hayawan. Usamatu ɗan Munƙiz, wanda ya rasu a 1188, ya rufe littafinsa Al-I'itibar da labarin yadda mahaifinsa ke farautar tsuntsaye da shaho da karnuka a ƙasar Sham.

Game da sayensa akwai saɓani, saboda hadisin da ya hana cin kuɗin kare. Abu Hanifa ya halatta cinikin karen farauta, haka Sahnun daga cikin Malikawa, amma abin da ya shahara a mazhabarmu shi ne hani. Tun da ɗan'uwanmu kyauta aka yi masa tayi, ya fita daga wannan saɓani. Shawarata kuma ita ce ya gina masa ɗaki a waje, domin malamai sun saɓa a kan ko hadisin rashin shigar mala'iku gida ya haɗa da karen da aka yi izni da shi. Haɗɗabi ya ce bai haɗa ba, Nawawi ya ce ya haɗa. Sai dai sanyin Dakota yana kisa, saboda haka ɗakin ya zama mai ɗumi, da shimfiɗa busasshiya, da ruwan da bai daskare ba. Wanda ya ɗaure dabba, cinta da shanta da lafiyarta sun hau wuyansa.

YADDA AKE GANE NA KIRKI

Mutanen can sun kasa karnukan tsuntsu gida uku. Akwai mai nuni, irin su Foyinta da Seta, wanda idan ya ji warin tsuntsu sai ya ƙame wuri ɗaya, ya miƙa hanci wajensa, har maharbi ya iso. Akwai mai tayarwa, irin Sifaniyal, wanda ke kutsawa cikin ciyawa ya tilasta wa tsuntsu tashi. Akwai kuma mai ɗaukowa, wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Labirado, aikinsa ya nemo abin da aka harbo ya kawo hannun mai shi. Da yawa daga mafarautan fesant sun fi son mai tayarwa ko Labirado, domin tsuntsun ba ya yawan tsaya wa mai nuni, sai ya sulale ya bar shi a ƙame. Ga wanda bai taɓa horar da kare ba, waɗannan biyun sun fi sauƙi.

A kan raba kwikwiyo da uwarsa yana da mako 7 ko 8. A wannan lokaci ba abin da zai nuna maka tabbas, saboda haka duba iyaye ya fi duba ɗan. Ka nemi a fita da uwar daji ka ga aikinta da idonka. Ka tambayi takardar likitan dabbobi a kan ƙugun iyayen da idanunsu, domin gocewar ƙashin ƙugu cuta ce da ake gado, ta kan gurgunta kare tun yana tsakiyar ƙarfinsa. Sa'an nan ka zauna cikin 'yan kwikwiyon ka lura. Wanda ya ɓuya a lungu da jin tafi, bar shi. Wanda ke danne 'yan'uwansa yana cizo ba ji ba gani, shi ma zai wahalar da sabon hannu. Nemi na tsakiya, mai zuwa wurin mutum da kansa, mai sa hanci ƙasa, wanda in ka jefa ƙyalle zai bi ya ɗauka ya yi ta yawo da shi a baki.

Idan ya kai wata 6 zuwa shekara guda sai a auna abubuwa huɗu: ƙarfin hanci, da kwaɗayin tsuntsu, da natsuwa a gaban ƙara, da son aiki tare da mutum. A Amurka da Kanada akwai ƙungiyar NAVHDA, wadda aka kafa a 1969, tana yi wa karnuka masu nuni jarrabawar baiwa kafin su wuce wata 16, a fili da cikin ruwa da bin sawun fesant. Hikimar wannan a fili take. Biyayya ana koyar da ita, amma hanci da kwaɗayi kyauta ce daga Mahalicci, wanda bai zo da su ba, ba malamin da zai zuba masa.

MATAKAN HORO

Matakin farko shi ne sabo. Watannin farko na wasa ne da yawo cikin ciyawa, da sanin sunansa, da shiga mota, da ganin mutane. Darasi kada ya wuce minti 10 ko 15, a kuma tashi a kan abin da ya yi daidai.

Na biyu shi ne umurni uku waɗanda su ne ginshiƙi: zo, tsaya, bi ni. Ana fara su a tsakar gida, sa'an nan a fili da doguwar igiya mai kamar mita 10, domin kada a ba shi umurnin da ba a iya tilasta shi a kansa. Daga baya a haɗa da usur: busa ɗaya mai tsawo ya tsaya, biyu gajeru ya juya, da yawa a jere ya komo. Kada ka kira kare ya zo sa'an nan ka buge shi, ko da ya yi laifi, domin abin da zai koya shi ne zuwa wurinka akwai wuya.

Na uku shi ne ɗaukowa. Ana amfani da ɗan dunƙulen zane mai kauri, daga baya a ɗaura masa fiffiken tsuntsu, daga baya a kawo mataccen tsuntsu mai sanyi. Jifa biyu ko uku sun isa a rana. Kada a yi ja-in-ja da shi a kan abin da ke bakinsa, kada kuma a fizge, domin daga nan ne kare ke koyon taune nama. Abin da ake nema shi ne baki mai taushi, watau ya kawo tsuntsu ba tare da haƙori ya huda fata ba.

Na huɗu shi ne tsuntsu mai rai, yawanci tattabara, a ɓoye ta cikin ciyawa a kawo kare ta inda iska ke busowa zuwa gare shi. A nan ake koya masa kai-da-kawowa a gaban maharbi, dama da hagu, ba tare da ya yi nisa ba. Bindigar tsuntsu ba ta kisa sosai bayan mita 35 ko 40, saboda haka kare mai tayarwa da ya wuce mita 20 zai tayar da tsuntsu inda harsashi sai dai ya raunata shi.

Na biyar shi ne bindiga, kuma a nan ne aka fi ɓata karnuka. Tsoron bindiga kusan kullum laifin mutum ne. Kada a kai kwikwiyo wurin gwajin harbi don a ga ko zai jure. A bari sai hankalinsa ya tafi kan tsuntsu yana binsa, sa'an nan wani ya buga ƙaramar bindiga marar harsashi daga nesa, kamar mita 100. A riƙa matsowa kwana bayan kwana. In ya nuna firgita a koma baya. Da haka zai ɗauki ƙarar a matsayin albishir.

Na ƙarshe shi ne haƙuri, wanda ya fi duka wuya: tsuntsu ya tashi, bindiga ta yi ƙara, nama ya faɗo a gabansa, amma kare ya zauna har a ce masa tafi. Kafin kare ya ƙware a wannan ya kan kai shekara 2. Wasu suna gaggautawa da abin wuya mai jan lantarki, abin da yankin Wales ya haramta tun 2010. Mu dai an umurce mu da kyautatawa ga kowane mai rai, har a wajen yanka, balle a wajen koyarwa. Wanda ya azabtar da dabba don gajen haƙurinsa, za a tambaye shi.

INDA HORO YA HAƊU DA FIƘIHU

Yanzu mai karatu ya dubi yadda fuƙaha'u suka siffanta kare mai ilmi. Malikawa sun ce shi ne wanda in an aike shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Shafi'awa da Hanafawa da Hambalawa sun ƙara sharaɗi na uku, watau kada ya ci daga abin da ya kama, hujjarsu hadisin Adiyyu ɗan Hatim, inda aka hana shi cin abin da karensa ya ci, don tsoron kada ya zama wa kansa ya kama. Malik bai sa wannan sharaɗi ba, akwai kuma riwayar Abu Sa'alaba al-Hushani cikin Abu Dawuda da ke ƙarfafa shi. Ibn Rushdi ya tattara wannan saɓani cikin Bidayatul Mujtahid. To, karen da ya bi matakan da muka lissafa ya cika sharuɗɗan nan uku gaba ɗaya: yana tafiya da umurni, yana tsayawa da usur, ba ya taɓa naman. Abin da mai horo a Turai ya gano da gwaji, shi ne malamanmu suka rubuta fiye da shekara 1,000 da suka wuce.

Amma akwai bambanci babba da ya wajaba a gane. Karen da littattafanmu suka fi magana a kansa shi ne mai kamawa ya kashe, kamar yadda karnukan mafarautanmu ke yi wa zomo da gada. Karen fesant kuwa ba shi ne makami ba, bindiga ce makami. Saboda haka hukuncin ya koma kan harbi. Dasuƙi ya faɗa cikin Hashiyarsa cewa magabata ba su yi magana a kan harsashin darma ba domin bai zo a zamaninsu ba, malaman baya kuma sun saɓa. Wasu sun hana, suna ƙiyasta shi da dunƙulen yumɓu mai kisa da nauyi. Wasu, kamar Ibn Gazi da Abdulƙadir al-Fasi, sun halatta domin yana hudawa ya zubar da jini ya kashe da sauri. Wannan na biyu shi ake aiki da shi.

Ga abin da ya hau kan ɗan'uwanmu a aikace:

1. Ya yi niyya, ya ce Bisimilla lokacin da zai danna kunamar bindiga. Tsuntsun yana tashi kamar walƙiya, don haka ya saba wa harshensa tun a gida. Wanda ya manta, a wurin Malikawa namansa ya ciwu, wanda ya bari da gangan kuwa bai ciwu ba.

2. Ya sake yin Bisimilla sa'ad da zai aika kare. Dalili shi ne, in tsuntsun bai mutu da harbi ba, kare ya cim masa ya ji masa rauni ya mutu a bakinsa, aikawar da sunan Allah ita za ta halatta shi. In karen ne ya zabura da kansa ba a aike shi ba, ya kashe, to ba a ci. Ka ga ashe haƙurin nan da aka koya masa ba ado ba ne.

3. Idan harsashi bai huda tsuntsun ba ko kaɗan, kare kuma ya shaƙe shi ko ya danne shi ya mutu ba tare da rauni ba, mashhurin mazhaba shi ne ba a ci, domin ba a zubar da jini ba.

4. Idan kare ya kawo shi da sauran rai, a yanka shi nan take. Al'adar mafarautan can ita ce su murɗe wuyansa ko su buga kansa. Wannan ga Musulmi mushe ne, matuƙar harbin bai riga ya taɓa makasa ba, kamar ƙwaƙwalwa ko lakar baya ko hanji. Saboda haka wuƙa mai kaifi ta zauna a aljihu, ba a cikin mota ba. Wanda ya yi sakaci har tsuntsu ya mutu alhali yana da ikon yanka shi, ya yi hasararsa.

5. Idan kai da maƙwabcinka wanda ba Musulmi ba kuka harbi tsuntsu ɗaya, ba a san harsashin wa ya kashe ba, bar masa. Haka in karensa da naka suka haɗu a kan mai rauni ya mutu, domin Adiyyu an gaya masa a kan karensa kaɗai ya ambaci sunan Allah. A mashhurin mazhabar Malik ana cin yankan Ahlul Kitabi amma ba a cin abin da suka kashe da farauta, ko da yake sauran mazhabobi uku sun halatta.

6. Abin da ya ɓace ya kwana a daji sai gobe aka tsince shi, mashhuri shi ne a bar shi. Wannan ma wani dalili ne na neman kare mai hanci.

Game da yawun kare a jikin naman, Malikawa suna ganin duk mai rai tsarkakakke ne har da yawunsa, wanke ƙwarya sau 7 kuwa bauta ce kawai. Shafi'awa suna ganin najasa ne, a wanke wurin da bakin ya taɓa sau 7, ɗaya da ƙasa. Wanda zai ci da baƙi mabiya mazhabar Shafi'i, kyautatawa ce ya kiyaye musu wannan.

NIYYA

Saura magana ɗaya, ita ce mafi nauyi. Mai Risala, Ibn Abi Zaidin al-Ƙairawani, ya bambanta farautar wasa, wadda ya ce makaruhi ce, da farautar da ba ta wasa ba, wadda ya ce halal ce. An kuma la'anci mai mayar da abu mai rai abin gwajin hannu. A Ingila ana kiwon fesant miliyoyi masu yawa kowace shekara a sake su, a jera masu bindiga, a koro musu tsuntsayen ta bisa kawunansu, a harbe ɗaruruwa a yini ɗaya. Musulmi ya yi nesa da duk harbin da manufarsa ƙirga gawa ce. Amma mutum ya fita da karensa da lasisinsa, ya kiyaye lokaci da adadin da hukuma ta yanka, ya nemi iznin mai gona, ya harbi abin da zai ci da iyalinsa ya ba maƙwabci, salla kuma ba ta wuce shi ba, wannan babu laifi a kansa. Ya tuna da ruwan karensa ran da ake zafi, ya duba tafin ƙafarsa da kunnuwansa in sun komo, ya yi masa allurar ciwon hauka a kan kari.

Saboda haka amsarmu ga ɗan'uwa ita ce: in zai yi farautar da gaske, yana kuma da lokacin horo na shekara 2 da halin ɗaukar nauyin dabbar shekara 10 ko fiye, ya karɓi kwikwiyon. In kuwa sha'awa ce ta kaka ɗaya, ya yi godiya ya bar musu, domin karen farautar da ba ya farauta ya fita daga dalilin da ya sa aka yi izni da shi.

Allah shi ne mafi sani. Allah ya ciyar da mu halal, ya tsare mu daga shubuha, amin. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan rabon gado, daga inda muka tsaya.